Sauya Sunan Fayil da Tarihin Folda a Git, Subversion da 'Yan Uwansu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya daɗe yana aiki da manhajojin adana tarihin aiki ya san wannan ranar: ka sauya wa fayil suna, ka nemi tarihinsa, sai ka ga layi ɗaya tak, kamar jiya aka haife shi, alhali shekara uku kana gyara shi. Tambayoyin da ke ƙasa daga irin wannan ranar suke fitowa. Inda na ce rumbu, ina nufin wurin da manhajar take tara tarihin aiki gaba ɗaya. Komit shi ne zubi ɗaya da ka yi a cikin rumbun, reshe kuma layin aiki ne da ya rabu da babban layi.

Me ya sa abu mai sauƙi kamar sauya suna yake zama matsala?

Saboda kafin manhaja ta bi sawun fayil, sai ta yanke hukunci a kan ko mene ne fayil ɗin. Sunansa ne? Abin da ke cikinsa ne? Ko wata lamba ce ta ɓoye da aka lika masa ranar da aka ƙirƙire shi? Kowace amsa tana da manhajar da ta ɗauke ta. CVS ya ce suna ne. Bazaar da ClearCase suka ce lamba ce. Git ya ce abin da ke ciki ne, suna kuwa lakabi ne kawai. Subversion da Mercurial suka tsaya tsakani, suna rubuta cewa wannan fayil kwafin wancan ne. Kusan duk wani abin mamaki da za ka ci karo da shi daga wannan zaɓin ya samo asali.

Yaya aka yi fama da wannan a zamanin CVS?

Da wahala. An gina CVS ne a kan RCS, wanda Walter Tichy ya fitar a 1982, kuma RCS fayil ɗaya ɗaya yake kula da shi. Dick Grune ya fitar da CVS a 1986, daga baya Brian Berliner ya sake rubuta shi da harshen C. A cikin rumbu, kowane fayil yana da nasa kundin tarihi mai ƙarewa da `,v`, kuma sunan wannan kundin shi ne sunan fayil ɗin. Babu umarnin sauya suna kwata-kwata.

Hanyoyi uku mutane suka riƙa bi, kowace da ciwonta. Ko ka cire tsohon ka ƙara sabon, tarihi ya yanke. Ko mai kula da rumbu ya shiga da hannu ya sauya sunan kundin `,v`, tarihi ya tsira, amma duk wanda ya janyo sigar bara zai ga fayil ɗin da sunan bana, aikin ya ƙi haɗuwa. Ko kuma a kwafi kundin zuwa sabon suna a cire tsohon, sai tsofaffin sigogi su riƙa fitowa da fayil ɗin da bai kamata su kasance da shi ba, sai an bi an goge tsofaffin alamomi daga kwafin. An gudu ba a tsira ba. Folda kuwa ba ta da tarihi ko kaɗan: idan ka ƙara ta, ta zauna ke nan. Fayilolin da aka cire suna komawa wata folda mai suna `Attic`, mutane kuma suka saba sa `-P` a umarnin sabuntawa don a share musu foldojin da suka zama fanko.

Subversion bai gyara wannan ba?

Ya gyara rabi, kuma rabin da ya gyara babba ne. CollabNet ta fara aikin a 2000 da niyyar maye gurbin CVS, siga ta 1.0 ta fito a Fabrairun 2004. A nan folda ta samu tarihi kamar fayil. Lambar siga ta rumbu ce gaba ɗaya, don haka idan ka janyo siga ta 500 za ka ga bishiyar foldoji daidai yadda take a ranar, har da fanko. Ana iya lika wa folda bayanai irin su `svn:ignore` da `svn:externals`, su ma su shiga tarihi.

Amma `svn move` a cikin rumbu kwafi ne da gogewa a komit ɗaya. Sabon fayil yana tuna daga ina aka kwafo shi, shi ya sa `svn log` yake bin tarihi baya ba tare da matsala ba. Tsohon sunan kuwa bai san inda ya koma ba. Idan abokin aikinka ya gyara fayil ɗin a wani reshe da tsohon sunansa, aka zo haɗawa, abin da Subversion yake gani shi ne gyara a kan abin da aka goge. Kafin siga ta 1.6 ta 2009, irin wannan gyaran yana iya wucewa da ɗan gargaɗin da mutum ba zai lura ba. Daga 1.6 aka fara tsayar da aiki a sanar da karon bishiya, wato saɓani a kan wanzuwar fayil ko wurin da yake, ba a kan abin da ke cikinsa ba. Siga ta 1.8 ta 2013 ta koya wa kwafin aiki, wato wanda ke kan kwamfutarka, tuna cewa matsarwa aka yi, sannan 1.10 ta 2018 ta kawo mai warware karo da ke tono tarihi don gano inda fayil ya koma.

Wani abu da ke rikita sababbin shiga: idan an goge `rahoto.txt` aka sake ƙirƙirar wani da wannan sunan, fayiloli biyu ne daban. Don ka nuna wanda kake nufi, sai ka rubuta `rahoto.txt@120`, wato wanda yake ɗauke da sunan a siga ta 120.

Da gaske Git ba ya rubuta cewa an sauya suna? To `git mv` fa?

Da gaske ne. `git mv` gajeriyar hanya ce kawai: yana matsar da fayil ɗin, ya cire tsohon suna daga jerin abin da za a zuba, ya ƙara sabon. Idan ka yi waɗannan da hannunka, komit ɗin da zai fito iri ɗaya ne sak, babu wanda zai iya bambance su.

Dalilin yana cikin yadda Git yake ajiya. Abin da ke cikin fayil ana ajiye shi shi kaɗai, ba suna, ana kiransa da lambar shaida da aka lissafo daga abin da ke cikinsa. Folda kuma jeri ce: ga suna, ga nau'i, ga lambar shaidar abin da sunan yake nunawa. Komit yana nuna babbar folda ta sama. Kowane komit hoto ne na yadda komai yake a lokacin, babu wani gurbi a cikinsa da za a rubuta wane ya koma wane. Don haka idan ka ga

`rename lissafi.py => asusu/lissafi.py (100%)`

ba karanto maka yake daga wani rubutu da aka ajiye ba. A lokacin da ka tambaya ne ya ɗora hoton jiya a kan na yau, ya ga suna ɗaya ya ɓace, wani ya bayyana, cikinsu kuma ɗaya ne, sai ya ce ai wannan shi ne wancan.

Wannan yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: matsar da folda mai fayiloli dubu kusan ba ya ƙara wa rumbu nauyi, tunda abin da ke cikinsu bai canza ba, jerin sunayen ne kawai ake sabuntawa.

Ta yaya yake gane su idan na sauya suna kuma na yi gyara a ciki?

Mataki-mataki. Da farko yana haɗa waɗanda lambar shaidarsu ta zo ɗaya, wannan ba ya cin lokaci. Sauran da suka rage, sai ya yanyanka kowane fayil gutsi-gutsi, a ƙarshen layi ko bayan bayit 64, ya ƙirga yawan abin da suka yi tarayya a kai, ya auna da girman wanda ya fi girma a cikinsu. Idan kamannin ya kai kashi 50 cikin ɗari, ya ɗauke shi a matsayin sauyin suna. A `git log --name-status` za ka ga `R100` ko `R087`, lambar ita ce yawan kamannin.

Kana iya motsa wannan ma'aunin. `git diff -M30%` yana sassautawa, `-M90%` yana tsanantawa. `-C` yana neman kwafi, `--find-copies-harder` yana faɗaɗa neman har cikin fayilolin da ba a taɓa ba, sai dai yana da nauyi. Tun siga ta 2.9 ta 2016 `git diff` yake neman sauyin suna da kansa ba sai an ce masa ba.

Inda yake tuntuɓe sananne ne. Ƙananan fayiloli, inda layi biyu ya isa ya rusa kashi 50. Fayilolin da rabinsu rubutun lasisi ne iri ɗaya, sai ya aurar da waɗanda ba su san juna ba. Hotuna da takardu irin `.docx`, waɗanda a matse suke, ƙaramin gyara yana hargitsa bayit ɗinsu ko'ina. Sannan akwai iyaka: gwada kowane ɓatacce da kowane sabo aiki ne da ke ninkuwa da sauri, don haka idan fayilolin sun yi yawa sai ya daina, ya bar maka gargaɗi. `diff.renameLimit` da `merge.renameLimit` ne ke riƙe da iyakar, a sigogin yanzu 1000 ne da 7000. Karanta wannan gargaɗin idan ya fito. Mutane da yawa suna wuce shi, su kwana suna warware karon da ɗaga lamba ɗaya zai kawar.

Me ya sa aka zaɓi hasashe maimakon a rubuta kawai? Wanne ya fi?

Linus Torvalds ya fara Git a Afrilun 2005, bayan an janye wa masu aikin Linux damar amfani kyauta da BitKeeper, manhajar adana tarihin da suke aiki da ita, kuma tun a wannan watan ya kafe a kan hujjarsa. A ganinsa, bin sawun fayil ƙaramin ɓangare ne na babbar tambaya, wato daga ina waɗannan layukan suka fito. Rubutun manhaja ba fayil-fayil yake tafiya ba. Ana ɗauke aiki ɗaya daga nan a kai can, a tsaga fayil gida uku, a narkar da biyu su zama ɗaya. Idan ka tsaga fayil gida biyu, wanne ne magajin na asali? Mai lambar ɓoye dole ya zaɓi ɗaya, ɗayan ya zama maraya.

Akwai kuma batun ɗan Adam. Rubutaccen bayani yana da amfani ne idan an rubuta shi daidai. Mutum zai ja fayil da linzami, ko manhajar rubutu ta matsar masa, ko gyaran ya iso a matsayin faci ta imel. Idan aka manta sanar da rumbu, kuskuren ya zauna a tarihi har abada. Hasashe kuwa yana gyaruwa da zamani: duk ranar da aka inganta dabarar, tsofaffin komit na shekara goma baya ma suna cin moriya.

Ni dai na fi karkata ga hanyar Git, amma ba na yarda da masu cewa ba ta da aibu. Rubutaccen bayani yana riƙe niyya. Idan na sauya suna na kuma sake rubuta kashi 80 na fayil, ni na san fayil ɗin ne, Mercurial zai tuna, Git ba shi da inda zan gaya masa. Haka kuma amsar Git tana iya bambanta tsakanin kwamfutata da taka idan saitinmu ya bambanta, abin da ba ya yi wa mai binciken tarihi daɗi.

Tarihin fayil ɗina ya tsaya a ranar da na sauya suna. Ya ɓace ne?

Bai ɓace ba. `git log sabon-suna` yana tace komit ne da wannan sunan kawai. Ka ce `git log --follow sabon-suna` sai ya tsallaka. Fayil ɗaya kawai yake karɓa, ba ya aiki a kan folda, kuma yakan rikice a tarihi mai rassa da yawa. Ga folda, ba shi sunayen biyu: `git log -- tsohuwa/ sabuwa/`.

`git blame` kuwa, mai nuna komit ɗin da ya taɓa kowane layi a ƙarshe, yana tsallake sauyin suna da kansa. Idan ka ƙara masa `-C`, har layukan da aka ɗebo daga wani fayil zai bi ya gaya maka asalinsu. Wannan shi ne abin da Torvalds yake nufi, kuma ranar farko da ka gan shi yana aiki za ka gane hujjar.

To ina ainihin haɗarin yake?

Wajen haɗa rassa. Ganin tarihi ado ne idan aka kwatanta da wannan. A nan ne aikin mutum yake iya salwanta.

Ɗauki misali. A babban layi an matsar da `lissafi.py` zuwa `asusu/lissafi.py`. A reshenki, ke kuma kin gyara wani kuskure a layi na 40 na `lissafi.py`. Da aka zo haɗawa, Git yana duba wurare uku ne kacal: inda kuka rabu, ƙarshen babban layi, da ƙarshen reshenki. Ya gwada mararraba da ƙarshen babban layi, ya ga fayil ɗin ya koma `asusu/`, sai ya ɗauki gyaranki ya kai shi can. Ba ki yi komai ba, ya zauna daidai.

Idan kuma bayan matsarwar an ci gaba da gyara fayil ɗin wata da watanni har kamanninsa da na mararraba ya faɗi ƙasa da rabi, Git ba zai gane shi ba. Zai ce miki `modify/delete`: ke kin gyara, su sun goge. Mai gaggawa sai ya ce ai an goge, ya amince, gyaran layi na 40 ya bi ruwa ba tare da kowa ya sani ba. Kafin ki yanke hukunci, janye haɗin da `git merge --abort`, ki sake gwadawa da `-X find-renames=30%`.

Sauran nau'o'in karon ba su da dabara sai magana. `rename/rename` na nufin kowa ya ba fayil ɗin suna daban, `rename/delete` na nufin ɗaya ya matsar ɗaya ya goge. Manhaja ba za ta san wanda ya fi gaskiya ba, sai ku biyun kun zauna.

Ana cewa a ware sauyin suna a komit nasa shi kaɗai. Yana da amfani?

Yana da shi, amma ba ta hanyar da yawanci suke zato ba. Yana taimaka wa `--follow` da `blame`, masu bin tarihi komit bayan komit, yana kuma sauƙaƙa wa mai duba aikinka, tunda zai ga `R100` ya wuce. Amma haɗa rassa, kamar yadda na faɗa, wurare uku kawai yake dubawa, bai damu da matakan tsakiya ba. Ko ka ware ko ba ka ware ba, idan ƙarshen ya yi nisa da mararraba, ba zai gane ba.

Amfaninsa na gaske shi ne yana bar wa na baya matakala. Mai tsohon reshe zai iya fara haɗawa da komit ɗin da ke gab da matsarwa, sannan ya haɗa da komit ɗin matsarwar shi kaɗai, inda kamanni ɗari bisa ɗari ne ta wancan gefen, sannan ya haɗa sauran.

Na koyi wannan ne da tsada. A wani wurin aiki da na taɓa zama, na ga foldojinmu sun yamutse, sai na ce bari in yi gyara. Na matsar da komai, kuma tunda hannuna na ciki, na saki manhajar daidaita rubutu ta mayar da duk tazarar farkon layi daga tab zuwa sarari. Komit ɗaya na yi, ina ta jin daɗin kaina. Ga idon mutum babu abin da ya canza, ga Git kuwa kusan kowane layi sabo ne. Washegari abokin aikina, wanda ya yi makonni a reshensa, ya kira ni ya juyo mini allonsa ba tare da ya ce uffan ba: `modify/delete` daga sama har ƙasa. Sassauta ma'auni bai yi komai ba. Sai da ya maimaita matsarwar a reshensa, ya saki manhajar daidaitawar da saiti iri ɗaya, sannan muka bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya muna gwadawa. Yini guda ya tafi. Da na raba shi komit biyu na kuma sanar kafin in fara, da abin bai kai haka ba.

Na sauya wa folda suna, abokin aikina kuma ya ƙara sabon fayil a tsohuwar. Ina zai faɗa?

Shekaru da yawa amsar Git ita ce a tsohuwar. Foldar da ka kashe sai ta farfaɗo da fayil ɗaya tilo a ciki, babu ko gargaɗi. Daga siga ta 2.18 ta 2018 Git ya fara hasashen sauyin sunan folda: idan tsohuwar ta ɓace gaba ɗaya kuma fayilolinta sun koma wuri ɗaya, sai ya ɗauka foldar ce ta ƙaura, ya kai sabon fayil ɗin can. Bayan an ga cewa yin haka a ɓoye yana ba mutane mamaki, a 2.22 aka mayar da shi ya kai fayil ɗin amma ya tsaya ya nemi amincewarka. `merge.directoryRenames` ne ke iko da wannan. Elijah Newren ne ya yi yawancin wannan aikin, shi ne kuma ya rubuta sabon injin haɗawa mai suna `ort`, wanda ya zama na yau da kullum a 2.34 a 2021, ya kuma rage jinkirin gano sauyin suna a manyan rumbuna sosai.

Lura da sharaɗin: sai tsohuwar foldar ta ɓace ƙaf. Idan ka bar fayil ɗaya a ciki, a wurin Git ba ta ƙaura ba.

Me ya sa ba zan iya zuba folda fanko ba?

Jerin abin da za a zuba a Git fayiloli kawai yake ɗauka, folda tana samuwa ne albarkacin abin da ke cikinta. Mercurial ma haka, Perforce ma haka. Abin da aka saba shi ne a jefa ƙaramin fayil a ciki. `.gitkeep` ya yi suna, amma Git bai san shi ba, al'ada ce kawai, kowane suna zai yi. Idan foldar ta tara shara ce, kamar sakamakon gini, ya fi kyau ka sa mata `.gitignore` mai layi biyu, `*` da `!.gitignore`. Mafi kyau ma, manhajarka ta ƙirƙiri foldar da kanta idan ba ta same ta ba.

Mercurial, Bazaar da ClearCase fa?

Mercurial, wanda shi ma ya fito a Afrilun 2005, yana rubuta asalin fayil a lokacin komit. `hg mv` ne umarnin. Idan ka riga ka matsar da hannu, `hg mv --after` zai cike gurbin, ko `hg addremove -s 80` ya yi maka hasashe sau ɗaya ya rubuta sakamakon. Wato shi ma yana hasashe, amma kafin komit, ba bayansa ba.

Bazaar na kamfanin Canonical ya fi kowa ɗaukar abin da muhimmanci. Kowane fayil da kowace folda suna da lambar da ba ta canzawa, don haka tambayar sabon fayil a foldar da aka sauya wa suna ba ta ma taso masa ba: sabon fayil ɗan foldar ne, duk inda ta je zai bi ta. Ci gabansa ya tsaya, Breezy ya gaje shi. Sai dai lamba ma tana da nata ciwon. Idan mutum biyu suka ƙirƙiri fayil mai suna ɗaya a rassa daban, ko da cikinsu iri ɗaya ne sak, lambobinsu daban ne, sai an yi karo. Masu ClearCase, inda sai ka janyo folda kafin ka ƙara mata ko ka cire mata wani abu, sun san wannan sosai har suna kiran irin waɗannan fayilolin mugayen tagwaye. A Git kuwa, fayil biyu masu suna ɗaya da ciki ɗaya abu ɗaya ne, magana ta ƙare.

Na mayar da `karanta.md` zuwa `KARANTA.md` amma Git bai ga komai ba. Lafiya?

Laifin na tsarin ajiyar kwamfutarka ne. Windows da macOS, yadda suke zuwa, ba sa bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil; Linux yana bambantawa. Git yana gwada wannan lokacin ƙirƙirar rumbu ya saita `core.ignorecase`. Kada ka taɓa wannan saitin da hannu, yi amfani da `git mv karanta.md KARANTA.md`. Idan ya ƙi, musamman a kan folda, bi ta zagaye: ka ba ta sunan wucin gadi, sannan ka ba ta wanda kake so.

Mafi muni shi ne idan wani a Linux ya zuba duka biyun. Mai Windows zai janyo, ɗaya ya danne ɗaya, `git status` ya riƙa nuna gyaran da ba wanda ya yi. Maganin sai daga na'urar da ke ganin su biyun.

Idan kuma sunan fayil ɗinka yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, ka ga Git ya rubuto `\306\231` a madadin ƙ, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Nuni ne kawai, `git config core.quotePath false` zai daidaita shi. Haruffa masu alama a ka, irin à, su ne suke da matsala ta gaske, domin ana iya rubuta su ta hanya biyu a Unicode, kuma tsohon tsarin ajiya na Mac yana tsaga su gida biyu. `core.precomposeUnicode` don wannan aka yi shi.

Idan muka ƙaura daga Subversion zuwa Git, ko muka ɓalle folda ɗaya ta zama rumbu mai zaman kanta, me za mu rasa?

Wajen ƙaura, rubutaccen bayanin kwafi ba ya tsallakowa, Git zai sake hasashensa daga baya, kuma yawanci yana dacewa. Foldoji fanko suna zubewa sai an ba `git svn` zaɓin `--preserve-empty-dirs`. Abin da ke cikin `svn:ignore` sai an juye shi, `git svn show-ignore` zai fitar maka da shi. `svn:externals` kuwa sai an sake masa tunani daga tushe.

Ɓalle folda ya fi tarko. `git filter-repo --path asusu/` zai riƙe abin da ya taɓa zama ƙarƙashin wannan sunan ne kawai. Shekarun da `lissafi.py` ya yi a waje kafin a matsar da shi za a yanke su, kuma a sabon rumbun wannan yankewar ta gaske ce, `--follow` ba zai dawo da ita ba. Fara da `git filter-repo --analyze`, wanda ke fitar da rahoton sunayen da kowane fayil ya taɓa ɗauka, sannan ka jera tsofaffin sunayen duka da `--path`. A kan sabon kwafi za ka yi wannan, ba a kan rumbun da kuke aiki da shi ba, domin lambar shaidar kowane komit za ta canza, duk wanda ke da tsohon kwafi sai ya sake janyowa.

Bayan matsarwa, me kuma ya kamata in duba?

Duk wurin da aka rubuta tsohon sunan a matsayin rubutu, domin babu manhajar tarihi da za ta gyara maka shi. Layukan shigo da wasu fayiloli, umarnin gini, hanyoyin da ke cikin takardun bayani, `.gitignore`, `.gitattributes`, da `CODEOWNERS` idan kuna amfani da shi. `.gitattributes` ne ya fi yin shiru: idan ƙa'idar Git LFS, ƙarin manhajar da ke ajiye manyan fayiloli a wajen rumbu, tana nuna `hotuna/*.psd` ka mayar da foldar `zane/`, manyan fayilolin da za a ƙara nan gaba za su shige cikin rumbu kai tsaye, sai ranar da janyowa ta fara ɗaukar lokaci za a farga. `git grep tsohon-suna` kafin ka zuba zai nuna maka yawancinsu.